Amosanin Jini da Dannewar Laka

Ciwon baya ba baƙo ba ne ga mai amosanin jini, wato sikila. Yakan taso, ya lafa bayan 'yan kwanaki. Sai dai akwai wani irinsa wanda jinkiri a kansa kan gurgunta yaro, shi ne wanda ke zuwa idan wani abu ya danne laka.

Mece ce Laka?

Ƙashin bayan mutum ƙasusuwa 33 ne a jere kamar 'ya'yan carbi, galibinsu da kafa a ciki. Ta nan laka ta ratsa kamar zare, daga ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa wajen ƙugu, tsawonta kimanin santimita 45 a jikin baligi. Ita ke kai umarnin ƙwaƙwalwa ga ƙafafu da mafitsara da hanji, ta komo da labarin zafi da sanyi da taɓi. Hanyar tata matsattsiya ce, bangonta ƙashi. Saboda haka duk abin da ya tsiro a ciki, laka zai matse.

Yawan Cutar

Binciken da Alan Fleming da abokan aikinsa suka yi a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, aka buga a 1979, ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na manya suna da rukunin jini na AS, kuma jarirai kimanin 2 cikin 100 ana haifarsu da SS. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

Yadda Laka ke Dannuwa

Hanya ta farko ta ƙashi ce. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ƙashin baya. Ƙashin da ya rasa jini sai ya raunana, wani lokaci ya rufta.

Ta biyu ta ƙwayoyin cuta ce. Tun yaron yana ƙarami saifarsa ke lalacewa, garkuwar jikinsa ta ragu. Ƙwayoyi irin su salmonela sukan kama ƙashi, mugunya ta taru a gefen laka.

Ta uku ta ɓargo ce. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20. Idan ɓargo ya kasa cike gurbi, jiki yakan buɗe wasu wuraren ƙera jini a wajen ƙashi, su zama ƙullutu a gefen ƙashin baya, yawanci daidai ƙirji. An fi ganin wannan a talasimiya, cutar jini ta gado da ta yawaita a Italiya da Girka da Indiya. A sikila ba kasafai yake faruwa ba.

Alamomi da Magani

Alamomin su ne ciwon baya mai zagayowa kamar an ɗaura ɗamara, da nauyin ƙafafu, da sagewarsu, da yawan tuntuɓe, da riƙewar fitsari ko kuɓucewarsa. Ganin ɗaya daga cikinsu tare da ciwon baya ya isa a tafi asibiti a ranar, domin laka da ta daɗe a danne ba ta cika farfaɗowa ba. Tausa da sakiya ba sa ɗage abin da ya danne ta. Mutanen Kangire da Gwaram suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, inda likita zai duba, in ta kama ya tura zuwa babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hoton MRI ke nuna inda matsin yake, kuma gwaji ke bambanta shi da tarin fuka na ƙashin baya. Magani ya danganta da sanadi: ƙarin jini, ko maganin haidiroksiyuriya, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko gashi, ko tiyata.

Kammalawa

Malami yana cikin waɗanda kan fara lura. Ɗalibi mai sikila da ya soma jan ƙafa a filin taro, ko fitsari ya kuɓuce masa a aji, ba tsawa yake bukata ba. A sanar da iyayensa nan take, a kai shi asibiti kafin rana ta faɗi.