Motarka na ƙara? Nemo tushen kafin ka sayi abin toshewa

Mazauna unguwar Makera a Kaduna sun saba da hayaniyar titin Kachia, daga tireloli har Keke Napep. Wannan ta waje ce, babu yadda za ka yi da ita. Amma ƙarar da ke tashi daga jikin motarka, mafi yawanta tana gyaruwa, kuma da kuɗi kaɗan. Unguwar da ke maƙwabtaka da Kakuri, inda kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, ba za ta rasa ƙwararrun kanikawa da masu walda ba. Kuskurenmu shi ne mu je wurinsu da magana ɗaya tak: "Oga, mota tana ƙara."

1. Ka fara gano daga ina take fitowa. Kwashe but tukuna, domin sau da yawa jak ne ko sifana ko safaya da ba a ɗaure ba. Sannan ka tayar da mota tana tsaye, ka taka totur a hankali. In ƙarar na ƙaruwa tare da totur, laifin inji ne ko salansa. In sai ana tafiya take fitowa, tana hauhawa da gudu, duba taya da boris. Gurnanin boris yakan sauya idan ka karya kwana. Ƙwanƙwasa a kan gargada kuwa aikin shokazoba ne ko bushin.

2. Salansa ce kan gaba, don ita ƙararta gargaɗi ce. Da safe, inji na sanyi, ka tayar ka saurara: in ka ji fat-fat-fat daga ƙarƙashi ko wajen inji, akwai inda ta ɓule. Leƙa mahaɗan bututun, za ka ga kunkunniya ta taru inda hayaƙi ke tsira. A cikin wannan hayaƙi akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma takan shigo ta ɓular ƙasan mota ko ta but. Alamarta ciwon kai, jiri da barci mai nauyi. In yara na yawan kukan ciwon kai a kujerar baya, kada ka ce gajiyar hanya ce kawai. Sauke gilashi, ka kai motar gareji a ranar. Ƙaramar ɓula walda na maganinta, amma in tsatsa ta cinye tukunyar salansar, faci a kan faci asarar kuɗi ce. Ka kuma duba robobin da salansa ke rataye a kansu. Idan sun tsinke, wasu sukan ɗaure da waya, sai girgizar bututun ta bi ƙarfe ta shigo har ƙarƙashin kujera. Robar ba ta da tsada. A mayar da ita.

3. Kada ka yarda a cire maka indomi. Wannan tukunyar da ke kusa da inji ita ke tace hayaƙi, kuma a cikinta akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinam, shi ya sa take da masu saye. Za a ce maka cire ta na ƙara wa mota ƙarfi. Ka tambaya: wa zai tafi da tsohuwar? Da zarar an fasa ta, ƙara ta ƙaru, hayaƙi ya yi yaji, fitilar inji ta kama a dashbod. In da gaske ta toshe, a nemo abin da ya toshe ta, yawanci inji mai shan baƙin mai ko fulogi mara kyau, sannan a sa wata.

4. In za a canza salansa, a sa daidai da wadda motar ta zo da ita. Mai faɗin baki da samari ke so tana da wani gurnani da ke cika mota a doguwar tafiya, kafin ka kai Abuja kanka ya yi nauyi, ga maƙwabta da kake tasa da asuba. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in ana shan ta awa 8 kullum, tana kashe ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Direban haya ya fi kowa buƙatar kula da wannan.

5. Sitiyari na rawa a tsaye, kana cikin giya? Duba injin siti.

6. Robar ƙofa. Saka takarda tsakanin ƙofa da jikin mota ka rufe. In ta zaro cikin sauƙi, robar ta mutu, ta nan iska ke fito, ƙurar hunturu ke shiga. A riƙa goge ta da ruwa, a shafa man silikon. Baƙin mai ruɓar da ita yake yi.

7. Sai yanzu aka zo kan abin liƙawa don toshe ƙara. Ƙwanƙwasa murfin but ko ƙofa: in ya yi amo kamar garwa, yana buƙatar faifan robar butil mai bayan alminiyom. Ba sai an lulluɓe ko'ina ba; rubu'i zuwa rabin farantin ya isa, a tsakiya, a kan ƙarfen da aka goge tas, a danne sosai. Fara da but da saman tayoyin baya, sai ƙasa, sai ƙofofi. A ƙarƙashin kafet a shimfiɗa roba mai kauri da nauyi, ita ce ke tare ƙarar titi. Abu biyu nake roƙon ka guje musu duk arharsu. Tef ɗin kwalta na facin kwano yakan yi laushi a zafin Maris da Afrilu, ya zame, motar ta ɗau wari. Soson katifa kuma ruwa yake sha, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya fara ruɓar da ƙasan mota. Kada a toshe ƙananan ɓulolin da ke gindin ƙofa, ta nan ruwa ke fita, kuma kada a liƙa komai kusa da bututun salansa.

8. A wurin mai faci, ka sa a bi ma'aunin iskar da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, maimakon a buga taya da ƙafa a ce ta yi. Iska in ta yi yawa, kowace tsakuwa sai ka ji ta a cikin mota. Shafa tafin hannu a kan tayar: in ka ji tudu da kwari, ko ta ci gefe ɗaya, a yi alaimen a kuma duba shokazoba kafin a sa sabuwa.