Darasi: Barcin bakwaini da goyon ƙirji

'Yan uwa mata, jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika sati 37 shi ne bakwaini. Kowaccenmu ta san ba ya son sanyi, musamman da hunturun Zariya. Amma akwai abu biyu da ba a cika lura da su ba: firgita da rashin barci.

Idan jariri ya ji sanyi, zafin allura ko hayaniya, jikinsa yana fitar da wani sinadari mai suna kotizol. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani. Idan ya yi ta hauhawa kullum, barci sai ya yanke, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma ya ƙare a kuka. Likitoci suna auna shi cikin sauƙi: a dangwali miyau da ɗan auduga a kai ɗakin gwaji. Barcin kuma ana gane shi ta numfashi da motsin ido. Bakwaini yana kwana yana wuni cikin barci, kuma a lokacin ne ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Don haka mai barci ba a tashe shi don baƙuwa ta ga kamar wa ya yi.

Maganin ba na saye ba ne. A 1978 wani likita, Edgar Rey, a Bogota ta ƙasar Kolombiya, ya ga kwalaben jarirai sun yi kaɗan, sai ya sa uwaye su goya 'ya'yansu a ƙirji, fata da fata. A Isra'ila an bi jarirai 73 da aka yi wa wannan goyo awa ɗaya kullum har kwana 14. Da suka kai shekara 10, barcinsu ya fi daidaita, kuma jikinsu bai cika tayar da kotizol ba kamar na sauran. Wani bincike na 2021 a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna fara goyon nan da nan ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi awa 8 zuwa 24 a rana.

Ga yadda ake yi. A bar masa kunzugu, hula da safa kawai. A tsayar da shi tsakanin nono, kai ya juya gefe don hanci ya samu iska, a ɗaure da zane. Uwa ta jingina da filo, kada ta kwanta shame-shame. In za ta wankan jego, kaka, miji ko abokiyar zama ta karɓa. Ranar suna fa? To, a nan sai an daure. A yi guɗa a tsakar gida, a nisanta hayaƙin turare, kada jariri ya yi ta yawo hannu-hannu.

In jikinsa ya yi sanyi, ya ƙi kama nono, numfashi ya yi sauri ko ido ya yi ɗorawa, kada a jira gari ya waye. Daga Ƙofar Kibo a nufi asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na ABU a Shika.

Jagora ta tambayi ƙungiya: nawa ne kuɗin Keke Napep zuwa Shika da dare, kuma asusun taimakon junanmu zai iya biya yau? Ma'ajiya ta ƙirga a gaban kowa, magatakarda ta rubuta sunayen waɗanda za su karɓi girki da ɗiban ruwan mai jego.