Yadda Ake Wanke Darduma a Gida: Ƙura Tukuna, Ruwa Daga Baya

Da zarar an ce za a wanke dardumar falo, abin da ke fara zuwa a rai shi ne omo da burushi da ruwa mai yawa. Nan ne kuwa kuskuren yake farawa. Mafi yawan daudar da darduma ke riƙewa busasshiya ce: ƙurar hunturu, yashin da ƙafa ke kwasowa daga tsakar gida, ɓurɓushin abinci da gashi. Wannan yashi yana gangarawa can gindin zare, kuma duk takun da aka yi sai ya goge zaren har ya cinye shi. In aka kwarara ruwa a kansa, ya zama laka, laka kuwa ta fi ƙura wuyar fita. Don haka wankin darduma aiki ne mai gaɓa uku, kakkaɓewa, wanki da ɗauraya, sai shanya, kuma sabulu ne mafi ƙarancin rabo a cikinsu.

Kafin komai, a san irin dardumar. Galibin waɗanda ke kasuwanninmu saƙar inji ce da zaren roba, da yawansu daga masaƙun Gaziyantef na ƙasar Turkiyya, kuma suna jure ruwa sosai. Saƙar hannu ta ulu, irin ta Tabriz ko Kashan a Iran, ba haka take ba. Ulu gashin tumaki ne, kanwa da bilic suna cin sa, ruwan zafi kuma yana sa shi ƙanƙancewa ya zubar da launi. A juya bayan dardumar a duba takardar da ke liƙe, in akwai. Sannan a jiƙa farin ƙyalle da ruwan sabulun da za a yi aiki da shi, a danna a kan kowane launi a wani lungu na minti ɗaya. In launi ya biyo ƙyallen, a dakata, wannan ba ta wankin gida ba ce. A kuma zaɓi rana mai iska da sauƙin hazo, a fara da sassafe. Tsakiyar damina ba lokacin wannan aiki ba ne.

Gaɓar farko ita ce kakkaɓewa, kuma ita ta cancanci mafi yawan lokaci. A rataye dardumar a kan katanga ko ƙarfe mai ƙarfi, bayanta a waje, a rufe hanci da ƙyalle, a yi ta bugu da sanda mai santsi daga sama zuwa ƙasa har ƙura ta daina tashi. Daga baya ake bugu, domin ta nan ne yashin ke zazzagowa ya fita ta hanyar da ya shiga. Mai injin zuƙe ƙura ya kife dardumar ya bi bayanta, ya ɗaga ya share abin da ya zubo, sannan ya bi fuskarta a hankali, ya maimaita har ƙasa ta daina nuna yashi. Tulin da za a gani a ƙasa shi ne hujjar wannan magana, domin da an fara da ruwa duk da shi za a kwaɓa.

Sai a bi tabo ɗaya bayan ɗaya, tunda kowanne da maganinsa. Manja ko man gyaɗa, a barbaɗa masa garin sitaci ya kwana, a share, sannan a ɗiga ɗan sabulun wanke kwanuka. Jini ruwan sanyi yake so, ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama zare. Fitsarin yaro, a haɗa ruwan khal da ruwa daidai wa daida, a jiƙa wurin, a tsotse da tawul. Ko wane iri ne, dannawa ake yi daga gefe zuwa tsakiya, domin dirzawa faɗaɗa tabon take yi ta kuma tsefe zaren. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Yanzu a wanke daɓen siminti mai ɗan gangare, a shimfiɗa dardumar, a jiƙa ta da ruwan sanyi. Cokalin cin abinci ɗaya ko biyu na sabulun ruwa ya ishi bokiti mai lita 10. A shafa hannu a gano inda gashin ya kwanta, a bi da burushi mai laushi ta wannan fuska, yanki bayan yanki, a bar sabulun kamar minti goma. Wani zai ce wanki ba kumfa ai wasa ne. Amsar ita ce kumfa ba ita ke cire dauda ba, kuma darduma ba riga ba ce da za a matse a jefa a wani bahon. Sabulun da ya maƙale a gindin zare yana bushewa da danƙo, danƙon kuma ya kama ƙura. Shi ya sa dardumar da aka yi wa ambaliyar omo take komawa gidan jiya cikin 'yan makonni, wani lokaci ta fi da duhu. Garin neman ƙiba ke nan an samo rama.

Ɗauraya ta fi wankin kansa muhimmanci. A zuba ruwa, a turo shi waje da abin share ruwa mai bakin roba ko gefen katako mai santsi, ana bin kwanciyar gashi, a maimaita har ruwan ya fito garau ba kumfa. Ga dardumar ulu, rabin kofi na ruwan khal a bokitin kusa da na ƙarshe yana kashe kaifin sabulu, sai a rufe da ruwa zalla. Ga dardumar da ake salla a kai rufewa da ruwa zalla ba ƙawa ba ce kawai, domin a mazhabar Malikiyya ruwa tsarkakakke wanda bai jirkita ba shi ke gusar da hukuncin najasa. Mai sayen ruwa a wajen 'yan garuwa zai ce wannan ɓarna ce. Amma lissafin a bayyane yake: dardumar da aka kakkaɓe sosai aka kuma rage mata sabulu ba ta shan ruwa kamar wadda aka cika da laka da kumfa.

Saura shanya, inda ake yawan asarar aikin gaba ɗaya. A naɗe dardumar tamau, a jingine ta a tsaye na ɗan lokaci ruwan ya tsiyaye, sannan a warware a shimfiɗa a kan benci ko bulo yadda iska za ta ratsa sama da ƙasa, ana juyawa. Kada a rataye ta a igiya tana jiƙe sharkaf, nauyin ruwa zai karkatar da ita. Fumfuna tana iya kama abu mai danshi cikin awa 24 zuwa 48, ulu kuma yana riƙe ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da hannu ya ji lema ba. Saboda haka a tura yatsa har gindin zare a taɓa bayanta kafin a shigar da ita ɗaki. Masu cewa a bar ta a tsakiyar rana kwana da kwanaki don ta kashe ƙwayoyin cuta su tuna cewa a kusa da Antaliya ta Turkiyya, 'yan kasuwa kan baje dubban dardumai a gonaki lokacin zafi, da gangan, don rana ta dusashe musu launi. In dole sai rana, a kife ta.

Ana iya cewa masu wankin mota sun hutar da kowa, da injinsu mai feshi da ƙarfi. Ga dardumar roba hakan na iya yi, muddin an kakkaɓe ta tukuna kuma an shanya yadda ya kamata. Ga ta ulu, ko ta alharini, ko mai bayan zaren buhu, ƙarfin feshin da omon mota sukan yi mata gyaran gangar Auzinawa, irin waɗannan sai masu sana'ar. Sauran kuwa wanki ɗaya a shekara ya wadatar, in ana sharewa kowane mako, ana barin takalma a bakin ƙofa. Wanda ya ba sanda da iska haƙƙinsu, ɗan sabulun da ya kashe ma sai kwalliya ta biya kuɗinsa.