Yadda ake sa wa tsohuwar mota mai giyar taimako sensar komawa da baya

Hilux, Land Cruiser da Pajero su ne motocin da rairayin Yusufari da Machina ba ya kayar da su, shi ya sa ake ririta su a Nguru da Gashuwa ko sun kai shekara 20 a kan titi. Matsalarsu ɗaya idan an shigo gari: suna da tsayi, bayansu kuma a rufe yake. Direba zai sa ribas a bakin kasuwa, kurar ɗan garuwa ko keke napep na laɓe a bayansa, madubi bai nuna masa komai ba. Sensar da ake sayarwa a kwali tana rage wannan haɗari. Aikin ɗaura ta bai wuce na yini guda ba, amma kusan duka wahalar tana kan awo ne kafin a huda bamba.

Fara da sayen kayan. A cikin kwalin za ka tarar da sensa huɗu masu kama da manyan maɓallai, da ɗan akwatin da ke sarrafa su, da na'urar ƙara ko ƙaramin allo mai nuna tazara, sai kuma bakin huda, wanda yawanci milimita 22 ne. Idan masu kayan gyara na gari ba su da ita, ana samu a Kano, musamman Ƙofar Ruwa. Kafin ka ba da kuɗi, duba abu biyu. Na farko wutar motarka: akasarin waɗannan kaya na bolt 12 ne, alhali wasu tsofaffin Land Cruiser masu shan gas bolt 24 suke aiki da shi, kuma suna ƙona akwatin nan take. Na biyu bambarka. Idan ta ƙarfe ce, irin wadda mai walda ya haɗa, nemi sensa mai zoben roba. Ƙarfe yana ɗaukar girgizar da sensa ke yi ya mayar mata, sai ta yi ta kuka ba dalili.

Daga nan sai awo. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ba cikin yashi ba, ka wanke bambar. Sensa tana son ta zauna tsakanin santimita 50 zuwa 70 daga ƙasa. Idan ta yi ƙasa da haka, ƙasar za ta riƙa gani. Idan ta haura, turken ƙarfe ko dakalin ƙofar gida zai wuce ta ƙarƙashinta ba ta sani ba. Ga inda mutane da yawa ke yin kuskure: suna auna mota babu kaya. Hilux ɗin da aka loda wa buhunan gero ko shinkafa bayanta yana zama sosai, musamman idan sifirin ya gaji. Saboda haka idan motarka ta dako ce, auna ta wayam, ka sake auna ta da lodi, sannan ka zaɓi tsayin da bai fita daga ƙa'ida ba a duka biyun. Tsakanin kowace sensa da 'yar'uwarta a bar santimita 30 zuwa 40, na gefe biyu kuma su matso kusa da kusurwa, domin kusurwa ce ta fi cin karo. Manna salatif na takarda, ka sa alama da biro, sannan ka zura hannu ta bayan bambar ka ji ko akwai ƙarfen shasi a daidai wurin. Sensa tana bukatar sarari kamar yatsa biyu ko uku ta ciki.

Kada ka huda tukuna. Wannan shi ne matakin da na fi so mai karatu ya riƙe, ko da riwaya ne zai yi masa aikin. Manna sensocin a kan alamomin da salatif, ka jona su da akwatin, ka ba shi wuta daga batir, a filin da babu komai a bayan motar har mita uku. Ya kamata ka ji shiru. Idan na'urar ta kama ƙara, to akwai abin da take gani a jikin motar kanta, kuma galibi safayar da ke rataye a ƙofar baya ce, kamar ta Pajero da Prado, ko ƙugiyar jan mota. Matsar da sensocin tsakiya nesa da tayar, ko ka ɗan sauke su, har sai ta yi shiru. Akwai kayan da aka ƙera su san da safaya su ƙyale ta. Ga mai irin wannan mota sun cancanci ƙarin kuɗinsu. Salatif ana ɓare shi a sake mannawa sau goma. Ramin da aka huda a bamba kuwa sai dai fanel bita ya cike shi.

In wuri ya tabbata, sai huda. Fara da siririn baki don kada babban ya zame. Bakin da ke cikin kwali na huda roba ne, ƙarfe yana cinye shi, don haka idan bambar ta ƙarfe ce a nemi na huda ƙarfe mai girma ɗaya. A goge bakin ramin, a shafa fenti saboda tsatsa. A bayan kowace sensa akwai kibiya. Ta kalli sama. Tura ta da yatsu ta gefe, kada ka danna tsakiyarta, balle ka sa guduma. Idan fuskar bambar ta sunkuyo ƙasa, yi amfani da zoben da ke da kauri ta gefe ɗaya don sensar ta kalli gabanta sak.

Wutar kuwa daga fitilar ribas ake ɗaukowa, yadda na'urar za ta farka ne kawai idan an sa giyar baya. Cire fitilar baya, ka ja birkin hannu, ka sa wa taya waigi. Wani ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya sa ribas, kai kuma ka bi wayoyin da testa har ka sami wadda ke kawo wuta, ta ɗauke idan an cire giyar. A mota otomatik, mai taimaka maka zai taka birki kafin ya canza giya, wayar fitilar birki ma za ta kawo wuta. Ce masa ya ɗaga ƙafa kafin ka yanke hukunci. Da ka gano ta, kashe makulli, ka cire kan batir na nagatib. Jar waya ta akwatin ta hau wayar ribas, baƙar kuma a ɗaure ta da noti a jikin bodi inda aka kankare fenti. A yi haɗin da dalma. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure gargadar hanyoyinmu, zafin watan Afrilu kuma yana narkar da gam ɗinsa.

Akwatin ba ya shiri da ruwa. A motoci masu rufaffen baya, ɓoye shi cikin bangon but kusa da fitila. Hilux ba ta da busasshen wuri a baya, sai a ja wayoyin ta jikin shasi zuwa ƙarƙashin kujera, a ƙara musu tsawo idan sun gaza. Wanda ya san yadda ruwan Komadugu ke malalowa kewayen Gashuwa da damina ba zai bar akwatin nan a ƙasan mota ba. A nisanta wayoyi da salansa, a ɗaure su tamau. Kowace waya tana da harafi, A zuwa D, ta shiga ramin da ke da irin harafinta. Idan an juya su, allo zai nuna hagu alhali abin yana dama. Na'urar ƙarar a ɗaure ta da sukuru inda direba zai ji.

Gwaji na ƙarshe: mayar da kan batir, murɗa makulli, sa ribas inji a kashe, wani ya riƙe jarka ya taho a hankali daga nisan mita biyu. Ƙarar za ta fara ɗaya-ɗaya, ta yi sauri, ta zarce ba yankewa a wajen santimita 30. A gwada kowace sensa daban. Lura cewa daga bamba take awo, safaya kuwa ta fi bamba turowa, saboda haka mai safaya a ƙofa ya tsaya tun ƙarar tana sauri.

Ƙurar hunturu da taɓon damina suna toshe fuskar sensa, sai ta yi ƙarya ko ta yi gum. Tsumma mai laima ya isa. Ka hana mai wankin mota saita mata famfo mai ƙarfi. Ka kuma sani ba ta ganin kwata, ba ta cika ganin siririyar waya ba, yaron da ke zaune a ƙasa ma yana iya kuɓuce mata. A lungun da yara ke wasa, sauko ka zagaya motar kafin ka sa ribas.