A Cire Nonon Duka, Ko Ƙullutun Kaɗai?

Ni ma'aikaciyar jinya ce a karkarar arewacin Kano, tsakanin Bichi da Dambatta. Duk matar da gwaji ya tabbatar tana da sankarar mama, tambayarta ta farko ɗaya ce: "Malama, dole sai an cire shi duka?"

Ba kullum ba. Tiyatar iri biyu ce. A ta farko likita yana cire ƙullutun da ɗan naman da ke kewaye da shi, ya bar nonon. A ta biyu ana cire nonon gaba ɗaya. Kowacce aka yi, ana duba kaluluwar hammata, don nan ciwon ya fi fara yaɗuwa. Likitoci a Italiya da Amurka sun bi lafiyar mata har shekara 20, sakamakon da suka fitar a 2002 ya nuna idan ciwon bai yi nisa ba, tsawon rai ɗaya ne a hanyoyin biyu, matuƙar wadda aka bar wa nono ta yi gashi da na'ura bayan tiyata.

Wannan sharaɗin shi ne abin dubawa a wajenmu. Gashi kwana biyar ake yi a mako, mako uku zuwa shida, kuma asibitocin ƙauye ba su da na'urar. Takan kai ga tafiya Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Wa zai yi jinya? Ina masauki? Idan da damina ne, wa za a bar wa gona da yara? Yayata, in kin san ba za ki iya kammala gashin ba, ki faɗa wa likita tun kafin a shiga tiyata. Cire nono duka ya fi miki alheri da a bar shi babu gashi, ciwo ya dawo. Amma wata ko an cire duka sai ta yi gashi da allurar kemo, gwargwadon abin da gwaji ya nuna.

Abin da ke ci mini rai, yawancin matanmu ba sa samun wannan zaɓin. An ce musu wai ciwon daji ba ya son ƙarfe. Sai mace ta yaye mayafi, ki ga nono ya kumbura, fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ga tsagar wanzami, ga garin magani ya bushe a kan gyambo. A nan maganar barin nono ta wuce.

Ku kuma magidanta, tsoron saki da gorin kishiya ne ke hana mata da yawa yarda da tiyata. Ka zauna kusa da matarka ranar ganin likita, ka ce mata kana tare da ita.

Ƙullutun sankara galibi ba ya ciwo da farko. Wadda ta ji shi a nono ko hammata ta je asibiti cikin makon nan, in ta kama a tura ta Asibitin Malam Aminu Kano. Kada a jira kaka a sayar da gyaɗa.