Gini Ma Malami Ne: Darasi Daga Harabar Apple, Google da Facebook

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya bi hanyar Kalgo ya ga mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ya san tsara haraba ba jera ajujuwa ba ne kawai. Inda aka sa ɗakin karatu, da inda aka dasa bishiya, da inda ake sayar da abinci, su ne ke yanke wa zai haɗu da wa a wuni. Manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun daɗe da gane haka. Tunda a cikinmu akwai masu karatun zanen gini, akwai kuma 'yan kwamfuta masu mafarkin aiki a irin waɗannan wurare, bari mu leƙa.

Me suka gina?

A 2017 Apple ya buɗe hedikwatarsa a garin Cupertino na jihar Kalifoniya. Norman Foster, ɗan Ingila, shi ya zana ginin: zobe guda mai hawa huɗu, mai ɗaukar ma'aikata kimanin 12,000, da bishiyoyi wajen 9,000 a harabar. An tsara shi yadda iska za ta shiga ta fita da kanta, har a yi wata tara a shekara ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumamawa ba.

Shi kuwa Facebook, a 2015 ya tare a ginin da Frank Gehry ya zana masa a Menlo Park: ƙaton ɗaki ɗaya na mutum 2,800, ga lambu a kan rufi. Teburin Mark Zuckerberg ma yana cikin na sauran ma'aikata. A harabar Google da ke Mountain View kuma, abinci kyauta ne, ga kekuna na zirga-zirga.

Manufar duk ɗaya ce: a sa mutane su riƙa cin karo da juna. Mai zane ya haɗu da mai rubuta manhaja a layin abinci, hira ta haifi dabarar da taron ofis ba zai haifa ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

To amma kada shinkafar kyauta ta ruɗe ku. Wanda ya karya kumallo a ofis, ya ci na rana da na dare a can, yaushe zai koma gida? Lokacinsa ake saye, ba tare da ya ji ciwo ba.

Ɗakin da babu bango ma yana da nasa aibin. Wani bincike da malaman Jami'ar Harvard suka fitar a 2018 ya gano cewa da wasu kamfanoni biyu suka cire bangayen ofisoshinsu, magana baki da baki ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Kowa ya koma aika saƙo ta kwamfuta, don mutum in ya rasa inda zai keɓe, sai ya keɓe cikin kansa.

Sannan kyan gini ba ya hana sallama. A Nuwamba 2022 Meta, uwar kamfanin Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairu 2023 Google ya sanar da sallamar 12,000.

Mu dawo gida

Wannan ilimi fa ba baƙo ba ne a wurinmu. A Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, karatun zaure ya yaye malamai ba adadi. Ku dubi tsarin gidan Bahaushe: zaure na kowa ne, mai wucewa zai iya tsayawa ya saurari karatu, tsakar gida ta iyali ce, ɗaki kuma na mai son natsuwa. Wurin haɗuwa da wurin keɓewa duk a gida ɗaya, abin da ƙaton ɗakin da babu bango ya rasa ke nan. Ga kuma katangar ƙasa mai kauri da ke tare zafin rana.

Don haka ba gilashin Apple za mu kwaikwaya ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kebbi, ga wuta ba tabbas, ginin gilashi tanda ne kawai. Abin ɗauka shi ne lissafin: ina iska ke fitowa, ina inuwa take, ina mutane za su haɗu, ina kuma za su samu shiru?

Aikin gida

Gobe da ƙarfe biyu na rana ku zaga harabar makarantarmu da takarda da biro. Ku ƙirga inda ɗalibai ke zama, ƙarƙashin dogon yaro ne ko cikin aji? Ku zana taswirar, ku rubuta dalili. Ranar da kuma Allah ya kai ɗayanmu ganawar ɗaukar aiki, kafin ya tambayi ko ana ba da abinci, ya fara tambaya: ƙarfe nawa ake tashi?