Darasi: Fitilar Gargaɗi a Mota

Motocin zamani suna da ƙaramar kwamfuta mai lura da inji. In ta ga matsala, sai ta kunna fitila ruwan ɗorawa a gaban direba.

Direba mai jigila tsakanin Dutse da kasuwar Shuwarin kada ya raina wannan fitila. Ya duba kan batir, da fis, da wayoyi, don ɓera yakan ci waya. In ba ta mutu ba, mai wayarin zai jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna inda ciwon yake.

Wasu sukan cire ƙwan fitilar kafin su sayar da mota. Mai saye ya murɗa makulli tukuna. In fitilar ba ta kama ba, akwai lauje cikin naɗi.